Belin da Ɗan Zango Ba Zai Iya Cikawa Ba, Hana Beli Ne

Duk wanda ya saba zama a bencin baya na kotunan Kumasi, ko a Adum ko a Asokwa, ya san yadda abin ke kasancewa. A karanta wa yaro tuhuma, ya ce bai aikata ba, alƙali ya ce ya ba da beli a kan sidi 50,000 da masu tsayawa mutum biyu, ɗaya daga ciki ya kawo shaidar kadara. Uwar yaron ta ɗaga hannu ta ce alhamdulillahi, 'yan'uwa su fita waje suna buga waya Aboabo da Sawaba cewa an sake shi. Da la'asar sai a ga an sa masa ankwa, an tura shi mota, an mayar da shi inda ya kwana. Wata uku, wata shida, yana nan a tsare, alhali littafin kotu na nuna an ba shi beli.

Ra'ayina a kan wannan a fili yake. Sharaɗin takardar fili da kotunanmu suka mayar al'ada shi ne babban abin da ke riƙe 'ya'yan Zango a kurkuku kafin a same su da laifi, kuma dokar ƙasa ba ta wajabta shi ba. Alƙalai na da ikon sassauta shi gobe da safe ba tare da an je majalisa ba. Mu ma mutanen Zango muna da namu laifin a ciki, kuma zan faɗe shi.

Bari a fara da abin da doka ta ce, don mutane da yawa har yanzu suna yawo da tsohon labari. Kundin tsarin mulkin Ghana na 1992, a sashe na 14, ya ce duk wanda aka kama a faɗa masa dalili nan take da harshen da yake ji, a faɗa masa yana da haƙƙin lauya, kuma in ba a sake shi ba a kai shi gaban kotu cikin awa 48. Sashe na 19 ya ce mutum ba shi da laifi har sai an tabbatar ko shi ya amsa da bakinsa. A da, sashe na 96(7) na dokar bin matakan shari'ar laifuka ta 1960, wadda ake kira Doka ta 30, ya jera laifukan da ba a ba da beli a kansu, irin su kisan kai, fashi da makami, fyaɗe da fataucin ƙwaya. A watan Mayun 2016 Kotun Ƙoli ta soke wannan sashe a ƙarar da lauya Martin Kpebu ya shigar, ta ce ya saɓa wa kundin tsarin mulki. Tun daga ranar babu wani laifi a Ghana da za a ce kotu ba ta da ikon duba belinsa. A watan Disambar 2019 lauyan ya sake yin nasara a wata ƙara: kotun ta ce awa 48 ɗin nan ta haɗa da Asabar da Lahadi da ranakun hutu, ta kuma umarci a tanadi kotunan da za su zauna a irin waɗannan ranaku. Wato kamun yammacin Juma'a da ake yi don mutum ya kwana uku a bayan kanta ba shi da madogara.

Waɗannan nasarori ne na gaske. Amma sun buɗe ƙofar gaba ne, aka bar ta tsakiya a kulle.

Sashen na 96 da kansa ya faɗi abin da alƙali zai duba. Zai iya hana beli in ya gamsu mutum zai gudu, ko zai taɓa shaidu ko ya ɓata bincike, ko zai sake aikata laifi. Wajen auna ko zai gudu, zai duba nauyin tuhumar, ƙarfin hujjar da ake da ita, tsananin hukuncin da ke jiransa, ko ya taɓa tsallake beli, ko yana da tsayayyen mazauni a Ghana da sana'ar da yake ci da ita, sannan ko masu tsaya masa mutanen kirki ne, masu cin gashin kansu, masu abin hannu daidai gwargwado. Sashen ya ƙara da abu biyu da ya kamata kowane mai unguwa ya haddace: kada sharuɗɗan beli su yi tsanani ko su wuce kima, kuma kada a hana beli don azabtarwa kawai. Ka karanta shi daga farko har ƙarshe, ba za ka ga inda aka ce dole mai tsayawa ya mallaki gida mai rajista ba. Abin hannu aka ce. Mai shagon kayan gini a Alabar, mai motocin haya uku, Hajiya mai sayar da atamfa a Kejetia shekara ashirin, dillalin shanu da kowa ya san gidansa, duk masu abin hannu ne.

Akwai kuskuren fahimta da ke jawo wa iyalai asara tun kafin a kai ga maganar fili. Idan alƙali ya ce beli sidi 50,000, ba cewa ya yi a kawo kuɗin a ajiye ba. Alkawari ne a rubuce: mai tsayawa ya sa hannu cewa in wanda ake tuhuma ya ƙi zuwa kotu, shi zai biya gwamnati wannan adadi. In yaron ya riƙa zuwa har aka gama shari'a, ko pesewa ɗaya ba ta fita daga aljihun kowa. Haka belin 'yan sanda a caji ofis, kyauta ne, babu kuɗin fom, babu kuɗin biro. Duk wanda ya ce a ba shi wani abu kafin ya kawo takarda, cin hanci ya nema, kuma akwai inda ake kai ƙararsa: ofishin ladabtarwa na 'yan sanda da kuma hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta CHRAJ. Sau da yawa iyali kan sayar da babur ko firji su haɗa kuɗi don sun ɗauka ajiyewa za a yi, kuɗin ya ƙare a hannun masu shiga tsakani.

To, mene ne wannan shaidar kadara a aikace? Mai tsayawa zai kai wa rajistaran kotu asalin takardun filinsa ko gidansa. A aika Hukumar Filaye ta bincika ko sunansa ne a rajista, ko an jinginar da filin a banki, ko ana rigima a kansa. Sau da yawa a nemi rahoton mai kimanta dukiya da zai nuna darajar gidan ta kai adadin belin. Ɗan sanda mai bincike ya je ya ga gidan da idonsa. Kowane mataki na cin kwanaki, wani na cin kuɗi, kuma duk tsawon lokacin yaron na ciki. Wani alƙalin kuma maimakon fili sai ya ce masu tsayawa su kasance ma'aikatan gwamnati masu ɗaukar albashin da bai gaza kaza ba, su kawo takardar albashi.

Yanzu a ɗora wannan a kan unguwanninmu. Ƙasar Kumasi akasarinta ta sarauta ce. Abin da yawancin masu gida ke riƙe da shi takardar rabon fili ce daga sarkin yankin, da taswirar filin, da rasit ɗin harajin gida. Kafin wannan ya zama takardar da kotu za ta karɓa, sai an bi ta ofishin filaye na Asantehene, wato sarkin Ashanti, da Hukumar Filaye an yi rajista, aikin da kan ɗauki shekaru. A tsofaffin unguwanni kamar Yalwa, Aboabo da Akwatia Line, abin ya fi haka rikitarwa. Gidan gado ne, sunan kaka ne a takarda, ya rasu shekara arba'in da suka wuce, magada sun kai talatin, wasu na Accra, wasu na Jamus, ba a taɓa raba gadon a hukumance ba. Wa zai ɗauki takardar ya kai kotu da sunansa? Sauran jama'a kuma 'yan haya ne a ɗaki ɗaya ko ciki da falo. Game da ma'aikatan gwamnati, kowa ya san tarihinmu da boko da aikin ofis: arzikin Zango a kasuwa yake, a tasha, a mahauta, a gareji. Sharaɗin da ke neman takardar fili ko takardar albashi, ko da alƙali bai nufa ba, ya zaɓi ainihin abubuwa biyun da mutanenmu suka fi rasawa.

A kan wannan kuma akwai zargin baƙunta. Mai gabatar da ƙara ya ji suna irin namu, ya ji yaron na Hausa, sai ya miƙe ya ce ana tsoron zai tsallaka iyaka. Yaron da aka haifi kakansa a Kumasi tun zamanin fataucin goro, mai katin Ghana a aljihu, wanda bai taɓa wuce Techiman ba. Tsofaffinmu ba su manta da watan Nuwambar 1969 ba, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda kwana 14 su bar ƙasa, aka kwashi har da waɗanda nan aka yanke musu cibiya. Matasa kuma ba su manta da Yulin 2018 ba, da 'yan sanda suka harbe matasan Zango bakwai a Manso Nkwanta aka ce 'yan fashi ne, kwamitin da gwamnati ta kafa ya ce bai ga hujjar hakan ba, aka dakatar da 'yan sanda 21. Mutumin da ke shiga kotu da irin wannan zato a kansa ya fi kowa buƙatar a auna shi da abin da doka ta rubuta kawai.

Abin da sharaɗin ke haifarwa ya fi sharaɗin muni. Na farko, 'yan kwangilar beli. Mutane ne da ke shawagi a harabar kotu da takardun fili a jaka, suna tsaya wa wanda ba su taɓa gani ba a kan wani kaso na adadin belin, kuɗin da ba ya dawowa. Wasu takardun na jabu ne, wasu an yi amfani da su a kotu uku a lokaci guda. Ka duba abin da ya faru a nan: doka na neman mai tsayawa da ya san yaron, mai iya kamo kunnensa ya kawo shi kotu. Sharaɗin fili ya kori kawunsa da limaminsa da maigidansa na gareji, ya shigo da baƙon da bai san ko ƙofar gidansu ba. In manufar ita ce a tabbatar mutum ya dawo kotu, an yi asararta gaba ɗaya.

Na biyu ya fi ciwo. Yaron da ya ga ba zai iya cika beli ba, wani a bayan kanta zai raɗa masa cewa ya amsa laifi kawai a ci shi tara ya tafi gida. Da yawa suna amsawa, har da waɗanda ba su yi ba. Wani a ci shi tarar da ba zai iya biya ba ya tafi kurkuku a madadinta. Wani ya tarar laifin da ya amsa na da mafi ƙarancin hukuncin shekaru da alƙali ba shi da ikon ragewa. Ko ya fita, sunansa ya shiga littafin masu laifi, kuma ranar da zai nemi takardar shaidar 'yan sanda don aiki ko biza zai gamu da shi.

Wanda bai amsa ba kuma sai ya shiga zaman jiran shari'a, kuma a nan mutane ke ɓacewa. Doka ta 30 ta ce in mutum na tsare, kada ɗage shari'arsa ya wuce kwana 14. A aikace, mai binciken ne ke da alhakin ɗauko shi daga kurkuku ya kawo kotu. In an yi wa mai binciken canjin wurin aiki, ko ya tafi kwas, ko aka ce babu mota, ranar ta wuce. Warantin tsarewa ya ƙare ba a sabunta ba, kurkuku kuma ba za ta saki mutum ba sai da umarnin kotu. In tuhumar babba ce kamar kisan kai, sai an aika fayil ofishin Antoni Janar a jira shawara, kotun majistare na ta ɗagewa don ba ita za ta yi shari'ar ba. Mai ƙara ya gaji ya daina zuwa, shaidu sun watse, fayil ya shige ƙarƙashin wasu. Babu wanda ya yanke shawarar a riƙe yaron shekara biyu, amma zai yi su.

Inda zai yi su kuma ba wurin da za a kai mutumin da ba a samu da laifi ba ne. Babban kurkukun Kumasi da ke Adum tun 1901 aka kafa shi, kuma mutanen ciki sun daɗe da ninka adadin da aka gina shi dominsu. Kurkukun Nsawam, da aka gina don mutane ƙasa da dubu ɗaya, ya daɗe yana ɗauke da sama da dubu uku. Juan Méndez, wakilin Majalisar Ɗinkin Duniya kan azabtarwa, ya zagaya gidajen yarin ƙasar nan a 2013 ya yi tir da cunkoso da abinci da rashin magani. Fiye da shekara goma kuɗin abincin fursuna ɗaya a yini sidi 1 da pesewa 80 ne, safe da rana da dare, sai a 2025 aka sanar da ɗaga shi zuwa sidi 5. Kowa ya san abin da sidi 5 ke saya a wurin mai waakye yau. Sashe na 15 na kundin tsarin mulki ya ce a ware wanda ba a yanke wa hukunci ba daga waɗanda aka yanke wa, kada a ɗauke shi kamarsu. A ɗakin da ake kwana a gefe ɗaya don babu wurin juyawa, inda tarin fuka da ƙazuwa ke yawo, wannan rabuwa ba ta da wani amfani ga lafiyarsa. Sashe na 14 ya ce in an ɗaure mutum a lissafa zaman da ya riga ya yi. Wanda aka wanke fa, wa zai lissafa masa? Ya fito ya tarar an ba wani pragyar da yake tuƙawa, wato keken haya mai ƙafa uku, mai gida ya fitar da kayansa, matar ta koma gidansu.

Ba na musun cewa an yi ƙoƙari. Shirin Adalci Ga Kowa da aka fara a 2007, inda alƙalai ke zuwa su zauna a cikin kurkuku su duba fayilolin masu jiran shari'a, ya sauko da yawansu daga kusan kashi 33 cikin 100 na fursunoni zuwa ƙasa da kashi 15. Aiki ne mai lada. Sai dai yana kwashe ruwa ne daga ɗakin da rufinsa ke yoyo, kuma cikin waɗanda yake tararwa akwai masu belin da suka kasa cikawa, wani lokacin ma belin da shirin da kansa ya bayar a zaman baya.

Akwai masu cewa sassauci zai cika gari da 'yan fashi, kuma ba zan raina maganarsu ba. Matar da aka ƙwace wa waya da jaka da wuƙa a hanyar Asawase da asuba, ta ga wanda ya yi mata a bakin titi bayan kwana uku, tana da haƙƙin yin fushi. 'Yan sanda ma suna da gaskiya in suka ce neman mutum a lungunan da babu lambar gida wahala ne. Amma amsar wannan tana cikin dokar. In akwai hujjar mutum zai gudu ko zai tsorata shaidu, alƙali ya hana belin a fili, ya rubuta dalilinsa, a san an hana, lauya ya ɗaukaka zuwa Babbar Kotu. Abin da ba daidai ba shi ne a ce an bayar alhali an ɗaure shi da igiyar da aka san ba za ta kwantu ba. Kuma mu faɗi gaskiya: babban ɗan fashi da mai fataucin ƙwaya ba sa rasa takardar fili. Wanda ke rasawa shi ne ɗan koyon walda da aka kwashe a samame a majalisarsu ta matasa da dare.

Me kotu za ta karɓa a madadin fili? Abubuwan da ke ɗaure mutum da gari a zahiri. Katin Ghana na mai tsayawa da na wanda ake tuhuma, adireshin GhanaPost GPS na gidan da mai bincike ya je ya tabbatar, lasisin shago ko rasit ɗin harajin KMA, wato hukumar birnin Kumasi, takardun mota, bayanan banki ko na asusun kuɗin waya (momo) na wata shida, wasiƙar ɗan majalisar unguwa ko ta sarkin ƙabila ko limamin Juma'a. A haɗa da sharaɗin zuwa caji ofis a sa hannu kowane mako, da ajiye fasfo in akwai. Alƙalai na yin wasu daga cikin waɗannan tuni. Abin da ya rage shi ne Alƙalin Alƙalai ya fitar da umarnin aiki cewa ba a neman shaidar kadara a ƙananan laifuka, a manya kuma sai an rubuta dalili, sannan duk wanda ya yi kwana 14 da beli bai cika ba a dawo da fayil ɗinsa gaban alƙali kai tsaye ba sai ya nemi lauya ba. 'Yan sanda da gidajen yari duka suna ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, kuma a 2025 ɗan majalisar Asawase, Alhaji Muntaka Mubarak, aka ba wannan kujera. Jerin sunayen masu beli da ke tsare a gidajen yarin Adum da Manhyia abu ne da ma'aikatar za ta iya nema a tattara mata kowane wata ta miƙa wa sashen shari'a.

Yanzu namu. Dalilin da ya sa alƙalai suka ƙanƙame takardar fili har da halinmu. Yaro ya samu beli, sai dangi su sa shi a motar dare zuwa Bawku ko ƙetaren iyaka, a bar wanda ya tsaya masa da kotu. Duk lokacin da aka yi haka an rufe ƙofa ga yara goma masu zuwa, kuma an ci amanar mutumin da ya yi taimako. Lamuni a addininmu alkawari ne, malamai sun san babinsa a littattafan fiƙihu, ya kamata a ji shi a huɗuba. A ɗaya gefen kuma, masu hali da yawa na gudun tsayawa don an tsorata su cewa in yaro ya gudu su za a ɗaure. Kotun Ƙoli ta soke wannan ma, a wata ƙarar ta Kpebu kan sashe na 104(4) na Doka ta 30: mai tsayawa bashi ne ke hawansa, ba ɗauri ba. Kotu za ta kira shi ya kawo yaron, ko ya faɗi dalilin da ba zai biya ba, in ya kasa a bi dukiyarsa. Asara ce mai nauyi, kada wanda ya tsaya wa wanda bai sani ba. Amma mai tsayawa na da mafita: in ya ga take-taken gudu, yana iya komawa kotu ya nemi a sauke masa nauyin, a kamo wanda ake tuhuma ya kawo wani.

Akwai kuma abin da iyali ke sakaci da shi a awannin farko, wanda ke lalata beli daga baya. Bayanin da ake rubutawa a caji ofis da Turanci ake rubuta shi. Dokar shaida ta 1975, sashe na 120, ta ce in bayanin amsa laifi ne kuma mutum na tsare, dole a yi shi gaban shaida mai zaman kansa da ke jin harshen mai bayanin, ya iya karanta abin da aka rubuta, ya tabbatar an karanta masa ya fahimta. Yaron da Hausa da Twi kaɗai yake ji kada ya dangwala yatsa a kan abin da ba a fassara masa ba, kuma yana da ikon cewa sai lauyansa ya zo. A kotu tafinta kyauta ne. Tun hukuncin Kotun Ƙoli na 2018 a shari'ar Baffoe-Bonnie, dole masu gabatar da ƙara su ba wanda ake tuhuma kwafin takardun da suke da su a kansa. A nemi sunan mai binciken, lambar ƙarar, sunan kotu da ranar komawa, a rubuta a ajiye. Iyalai da yawa ba su san ko lambar ƙarar ɗansu ba, kuma ba tare da ita ba babu lauyan da zai iya nemo fayil.

Ga ƙananan rigingimu, faɗan maƙwabta, zagi, mari, ɓarnar kaya kaɗan, sashe na 73 na dokar kotuna ta 1993 ya ba alƙali damar barin a sasanta, a biya diyya, a rufe ƙarar. Nan ne sarakunan Zango da limamai ke da amfani sosai, in sun zo kotu suka nema a hukumance. Amma wannan bai shafi fyaɗe ko lalata yarinya ko fashi ba, kuma masu zuwa gidan iyayen yarinya da goro da ambulan don a kashe magana suna zubar da mutuncin da muke buƙata ranar da za mu ce wa alƙali ya yarda da wasiƙar limami. Wanda aka kama da ɗan abin sha na kansa kuma, dokar ƙwayoyi ta 2020 ta mayar da hukuncinsa tara, tsakanin sidi 2,400 da 6,000, ba shekarun da tsohuwar dokar 1990 ke yankewa ba. A tabbatar tuhumar da aka rubuta ta sha ce, ba ta sayarwa ba, don tazarar da ke tsakaninsu shekaru ce.

Abin da nake ganin kowane babban masallaci a Asawase, Aboabo, Tafo Zango da Sepe zai iya yi bai fi ƙarfinmu ba. Kwamiti na mutum biyar, a ciki har da mace ɗaya da mai karatun boko ɗaya, da littafi guda. A rubuta duk ɗan unguwa da aka tsare, kotunsa, lambar ƙararsa, sharaɗin belinsa da ranar komawarsa. A tanadi mutane goma masu sana'a tsayayya da suka yarda su tsaya wa wanda kwamiti ya bincika ya amince da shi, takardunsu a shirye. Ranar kotu wani daga kwamitin ya raka yaron da ƙafarsa. Bayan shekara guda, littafin da ke nuna mutum nawa aka tsaya wa kuma nawa suka halarci kowane zama shi ne hujjar da za a ajiye gaban alƙali mai kula da kotunan yankin Ashanti.

Ga wanda ɗansa ke ciki yanzu da belin da ya gagara, hanyar ita ce neman sauya sharaɗi. Lauya zai shigar da takardar roƙo tare da takardar rantsuwa, a kotun da ta ba da belin ko a Babbar Kotu, wadda sashe na 96(2) na Doka ta 30 ya ba ikon rage shi. A takardar rantsuwar a faɗi ranar da aka ba da belin, ƙoƙarin da aka yi aka kasa, sunayen waɗanda suka yarda su tsaya da sana'arsu da adireshinsu, a liƙa kwafin katunansu da hujjar sana'a, a ambaci sashe na 96(3) da ya hana sharaɗi mai tsanani. In zaman ya yi tsawo ba a fara shari'a ba, a ƙara da sashe na 14(4) na kundin tsarin mulki, wanda ya ce in ba a yi wa mutum shari'a cikin lokacin da ya dace ba a sake shi, da sharaɗi mai sauƙi ko ba sharaɗi. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya je ofishin Hukumar Ba da Taimakon Shari'a na Kumasi, wadda dokar 2018 ta ɗora wa wannan aiki. Lauyoyinsu kaɗan ne, layin na da tsawo, don haka a je da sassafe, da lambar ƙara a hannu da kwafin umarnin belin daga rajistaran kotu.